Tsohuwar tarakta ta gaza riƙe garma: wanda ya taɓa gani ya faɗa mana

Manomin Epe

Assalamu alaikum. Ina da Massey Ferguson 135 da na gada wajen mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Daga Funtuwa muka ɗoro ta a tirela zuwa gonar da muke haya bayan Epe, inda muke rogo da masara. Injinta Perkins ne mai silinda uku, bugu ɗaya take tashi. Ciwon a baya yake. Da safe tana ɗaga garma lafiya lau, amma da rana ta take, mai ya yi zafi, sai hannayen da ke ɗaga garmar su riƙa zabura kamar mai shaƙuwa, in na kashe inji kuwa kafin in sha ruwa garma ta kai ƙasa. Wani ya ce in sayi sabon famfon haidirolik kawai. Ina kuma son haɗa mata tirela mai juye kaya. Ba na son rabuwa da ita. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanya ya faɗi abin da ya gani.

Bakanike a Agege

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka taɓa aljihunka tukuna. Na kwance irin waɗannan tun ina yaron shago a Kano, kuma sau da yawa famfon da ake zargi ba shi da laifi.

Famfon 135 a cikin tumbin tarakta yake, nutse cikin mai ɗaya da giya da gatarin baya. Fistin huɗu gare shi, yana tura mai sama zuwa wata silinda da ke ƙarƙashin marfin da kake zama a kai. Ka rage mai zuwa ƙasan marfin gefe, ka cire marfin, ka rataya garma, ka tayar da inji ka ɗaga, sannan ka haska tocila ciki. In mai na zubowa daga sama kamar ɗigon rufi, ringin silindar ne ya cinye. In kuma a ƙasa kake ganin mai na tafasa kusa da famfo, to bawul ne yake sakin ƙarfi. Saukar garma bayan an kashe inji ta fi nuna mini ringi. Ido kawai za ka sa. Hannu kada ya shiga ramin nan inji na aiki, ko da wasa.

Direban tarakta, Ikorodu

Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara abin da ya kusa kashe tamu Massey 165. Ruwa. Mu da muka taso a Arewa mun saba barin tarakta a fili, ba abin da ke samun ta. Legas ba haka take ba. Robar da ke gindin sandar giya ta tsage, ruwan Yuni da Yuli ya yi ta bi ta nan yana shiga ciki. Ranar da na zaro ma'aunin mai, abin da na gani fari ne kamar kindirmo. Matatar da ke bakin famfo ta toshe da laka, famfo yana jan iska. Mun zubar da man duka, kusan lita 30, muka wanke matata, muka canza robar da ba ta kai kuɗin abincin rana ba. Tun daga lokacin a rumfa take kwana.

Ɗan Mile 12

Ni kam na sayi famfon, kuma har yau abin na ci mini rai. Na je wani shago da hoto a waya, mai shago ya rantse cewa shi ne. Muka kai gona, aka raba tarakta, sai ga shi ramin famfon haƙori 21 ne, sandar taraktata da ke haɗuwa da shi kuma haƙori 10. Na mayar ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Sati biyu tarakta na kwance a buɗe, ga lokacin shuka na wucewa, ga masu gonakin da suka ba ni kafin alƙalami suna kira. Yanzu ko ƙusa zan saya sai na ɗauki tsohuwar a buhu na je da ita.

Mai sayar da kayan gyara

Allah Ya mayar maka da alheri, Malam. Mu masu sayarwa ma muna shan wahalar wannan, domin mutum zai zo ya ce "a ba ni famfon Massey", shi ke nan. Massey kuwa iri-iri ce. An ƙera 135 daga 1964 har cikin shekarun 1970, kuma an canza famfo a tsakanin shekarun nan. Masana'antar Coventry ta Ingila da ta riƙa ƙera su an daina aiki a cikinta tun farkon shekarun 2000, saboda haka wanda ya ce maka sabon famfo daga can ya fito jiya, ka yi masa kallo biyu. Abin da ke kasuwa yanzu mafi yawa daga Indiya, Pakistan, Turkiyya da Sin yake. A Lahore kamfanin Millat har yau yana ƙera Massey da lasisi, shi ya sa kayan Massey 375 da 385 ba sa wahalar samu. A ciki akwai nagari akwai jabu, kuma kwalin ba ya faɗa maka. Ka juya sandar famfon da hannu ka ji ko tana tafiya sumul, ka duba gogewar ƙarfen.

Ka zo da lambar da ke jikin farantin tarakta da ta jikin injin. Ka zagaya Ladipo da kasuwar Trade Fair, ka tambayi farashi wuri uku. Ƙarfe mai nauyi kuma, irin hannun ɗaga garma, tokumbo ya fi mini sabo.

Hajiya mai gonar kwakwa, Badagry

Ƙanena, ni maganar tirela zan taɓa, don na yi ta a kan 135 ɗina. An ɗaura mini ƙaramin bawul a saman marfi, mai karkatar da mai zuwa tiyo. Tirelar na juyewa, kuma ya rage mini kuɗin masu sauke kaya sosai. Sai dai ka sani, lokacin da mai ke tafiya tirela, hannayen baya ba sa aiki. Kuma a hankali take ɗagawa, domin famfon ciki don garma aka yi shi, man da yake turawa kaɗan ne.

Da na ga daɗi sai na ce a sa mini cokalin ɗibar taki a gaba. Nan aka ce sai an ƙara famfo na biyu a gaban inji, da tankinsa daban. Aka yi, ya yi ƙarfi kuwa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne nauyin zai koma kan gatarin gaba. Sitiyari ya yi tauri har direbana yana kuka da kafaɗa, sai da muka sa masa na haidirolik, bayan wata shida kuma aka canza bushin gatari. Da zan sake, a tirela zan tsaya.

Mai Steyr, Imota

Ku masu Massey ku gode wa Allah. Tawa Steyr ce irin waɗanda aka harhaɗa a Bauchi, maƙwabcina kuma Fiat gare shi. Wani sil, wato robar hana mai yoyo, sai mun aika Arewa an cire daga wadda ta mutu. Abin da na koya shi ne zaren bakin tiyo ba ɗaya ba ne: na Ingila da inci ake auna shi, namu da milimita. Yaro ya taɓa ɗaure wanda bai dace ba da ƙarfin sufana, ya riƙe kwana biyu, rana ta uku ya fashe da kaya a sama. Kuma in tiyo na tsiyaya, da kwali ake neman ramin. Man da ke fita da ƙarfi yana huda fata, wanda ya same shi asibiti zai nufa nan take.

Manomin Epe

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba, ranar Asabar muka buɗe marfin gefe kamar yadda ka ce. Mai daga sama yake zuba, kuma launinsa ya fara fari. Mun ɗaga marfin sama, ringin fistin ya karye gida biyu, cikin silindar duk ya karce. Na ɗauki silindar da fistin a buhu na je kasuwa, na samo daidai su, na haɗa da gaskit da robar sandar giya. Jiya na bar garma a sama bayan la'asar, na yi sallar magariba na dawo na same ta inda na bar ta. Hajiya, bawul ɗin tirela sai bayan mun tono rogo, in sha Allah.