Karanshaf ɗin 7A a cikin injin 4A: gyara ne ko ɓarna?

Direban tasi, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Carina E ɗina mai injin 4A-FE tana sarewa a hawan Mbe duk ranar da na cika ta da fasinja da kaya zuwa Ngaundere. An ce min in sa mata karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) na injin 7A, lita 1.6 ta koma 1.8 ba sai na sayi wani inji ba. Ni kam na yarda, tunda faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 81.

Tsohon bakanike, Garwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, faɗin ɗaya ne, amma tafiyar fistan ta bambanta. A 4A milimita 77 yake sauka da hawa, a 7A kuwa 85.5. Raba bambancin biyu ka gani: fistan zai ƙara hawa fiye da milimita 4, ya leƙo ya daki kulas, wato murfin saman inji. Shi ya sa Toyota da kansu suka ƙara wa bulok ɗin 7A tsayi, suka ba shi dogon biyel, ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf.

Mai gogar ƙarfe, Marwa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kada a ce ba ya yiwuwa. A Amurka haka aka haifi injin 383: bulok ɗin Chevrolet 350, karanshaf ɗin 400. Suka goge wuyansa inda yake zama cikin bulok daga inci 2.65 zuwa 2.45, suka sa gajeren biyel na 400, suka ɗan sassaƙe cikin bulok inda biyel ke taɓawa. Duk kayan kamfani ne. Mu ma hannu gare mu.

Tsohon bakanike: Hannu kam akwai, ban raina aikinka ba. To gajeren biyel ɗin fa, daga wace mota za ka ciro? Su sun samu nasu a shirye. Kuma wuyan 7A inda biyel ke kamawa ya fi na 4A kauri sosai, in ka cinye shi ka cinye taurin ƙarfen.

Na taɓa yin irin wannan wa wani maƙwabcina. Da na rasa biyel, sai na aske kan fistan. Sati uku motar tana tashi kamar doki. Ranar wata Laraba cikin zafin Afrilu, da man zuwa-zuwa, wato fetur na bakin hanya, a tankinta, ta fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da muka buɗe, fistan na uku ya huje, ɗan yatsana na shiga ramin. Har yau ina jin nauyin mutumin, da motar yake ciyar da gidansa.

Mai gogar ƙarfe: Wannan askin ne ya jawo, Baba, ga matsi ya ƙaru ga mai maras kyau. Da an auna ɗakin wuta an rage matsin, da ba haka ba.

Tsohon bakanike: Ko an auna, wa zai daidaita maka nauyin karanshaf bayan guga? Ɗana direba, Carina E akwai wadda ta fito da 7A-FE tun daga kamfani. Nemi wannan injin sukutum, ka sayar da naka ka cika.

Direban tasi: Na ji, Baba. To giyabos ɗina zai kama shi, ko shi ma sai na canza? Gobe bayan azahar zan kawo motar ka duba.