Masu Hilux da Land Cruiser, wacce ta fi juriya a hanyar ƙauye?

Ɗan Kusugu: Salam 'yan uwa. Ina son sayen mota mai shiga yashi, don ina ɗauko gero daga ƙauyukan Baure da Zango zuwa Daura, damina kuma ƙaramar mota sai a hankali. Hilux ko Land Cruiser?

Baban Hafsa: Wa alaikassalam. Tawa Hilux ce mai injin gas samfurin 5L, shekara 14 tana hannuna kuma wallahi ban taɓa sauke injin ba, abin da take ci dai ƙafa ne, bushin da shokoba da bol joyin, yashi da gargada ke cinye su. Tayimin bel kam kar ka wuce kilomita 100,000 ba ka canza shi ba, in ya tsinke kana tafe bawul ya tafi.

Bakatsine: Gaskiya Alhaji. Amma injin 1HZ na Land Cruiser, lita 4.2 silinda 6, babu kwamfuta babu tobo, ko makanikin Mai'aduwa zai gyara ma shi. Sai dai shan mai, aljihu zai gaya ma.

Baban Hafsa: Ka dai guji gas ɗin bumburutu malam, sau ɗaya na sha mai ruwa sai da nozul huɗu suka tafi.

Ɗan Kusugu: Na gode. To kayan gyara fa, Katsina ko sai Ƙofar Ruwa a Kano?