Tizil ɗina ya ƙi yin fure, ina mafita?

Hauwa, Samaru: Assalamu alaikum. Irin furen tizil, wani tsiro mai kan fure mai ƙaya, aka aiko min daga Ingila, Dipsacus fullonum aka rubuta a takardar. Wata goma sha huɗu ke nan da shukawa, ganye ne kawai shimfiɗe a ƙasa, ko kara babu. Taki ne bai isa ba?

Malam Sani, Shika: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ƙara taki, ganye zai ƙara miki kawai. Tizil ɗan shekara biyu ne. Shekarar farko ganye yake yi da doguwar saiwa mai kai santimita 60. Sai ya sha sanyin ƙasa da digiri 10 na makonni a jere, sannan ya fitar da kara mai kai mita 2, ya yi fure, ya zuba iri, ya mutu. Hunturun Zariya kuwa da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 12, rana ta fito kuma ta goge ɗan sanyin. Abin da ke hana kabeji fure a nan ke nan, shi ya sa irinsa daga waje ake kawowa.

Hajiya Rabi, Tudun Wada: Gaskiya ne. In dai ganyen kike so ya rayu, 'yata, ki kare shi daga abu biyu. Ranar Maris da Afrilu na ƙona shi, sai ki yi masa rumfa, hantsi kawai ya taɓa shi. A Agusta kuma ruwa ke kwanciya saiwa ta ruɓe, don haka ki ja masa hanyar ruwa. Kada ki cire shi ki dasa, saiwar na karyewa.

Hauwa: Firji fa, Malam?

Malam Sani: Saka iri a firji tsiro kawai yake taimakawa. Shukar ce ke bukatar sanyin, bayan faɗin ganyenta ya kai kamar santimita 30, ga shi tana son haske, firji kuwa duhu ne. Da yanayin wutarmu, ban ba ki shawara ba.

In kan mai ƙaya kike sha'awa don ado, nemi tsiron da ake kira Leonotis nepetifolia, yana fitowa da kansa a gefen gonaki, furensa ruwan lemo. Ki yafa irin a Yuni, tazarar santimita 50. In kawunan sun bushe da kaka, ki yanka ki rataye su kai ƙasa a inuwa mako biyu.