Neman kalma: me za mu kira "equity" idan aure ya mutu gida na kan lamuni?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Akwai kalmar da ke wahalar da masu fassara takardun rabon gida na Ingila, wato equity. Miji da mata sun sayi gida da lamunin banki, sunansu su biyu a takarda, sai aure ya mutu, lauyoyi suka ce a raba equity. Wasu na rubuta "hannun jari", wasu "riba". Babu wadda ta kwanta mini a cikinsu. Masana, a taimaka.

Ma'aikaciyar banki: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da lissafi. A ce gidan a yau ya kai fam 250,000, banki na bin 170,000. Ragowar 80,000 ɗin ita ake nufi. "Riba" ba ta dace ba, domin a ciki akwai kuɗin da suka zuba tun farko da abin da suka rage na uwar bashi wata-wata. Hannun jari kuwa na kamfani ne. Ni "rarar gida" nake so. Tana da abokiyar tafiya, "giɓi", yadda ake faɗa a kasafin kuɗi. In farashi ya faɗi gidan ya koma 160,000, an samu giɓin 10,000, kuma ko an sayar, su biyun banki zai bi.

Malamin Hausa: Hajiya, tsorona da "rara" shi ne mai karatu ya ɗauka wani abu ne da ya yi saura wanda ba a matse da shi ba, alhali sau da yawa ita ce dukiyar mutum gaba ɗaya. Me zai hana "fansasshen kaso"? Bahaushe ya san jingina, ya san fansa.

Ma'aikaciyar banki: Allah ya gafarta Malam, fansa sai da biya. Wannan kuwa tana ƙaruwa ko ba a biya sisi ba, in farashin unguwa ya tashi, tana kuma raguwa ko ana biya. Sannan jinginar da muka sani ta gona, mai kuɗi ne ke nomawa har a fanshe. A nan waɗanda ake bi bashin ne ke zaune cikin gidan. Shi ya sa ma "lamunin gida" ya fi "jinginar gida" sauƙin fahimta, kamar yadda ake kiran bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya a Najeriya.

Barista: Ina bayan Hajiya, amma da sharaɗi: kada fassarar ta sa mutum ya ɗauka rabin rara nasa ne kai tsaye. In aure ne mai rajista, kotu na da ikon raba dukiya yadda ta ga ya dace a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1973, kuma bukatar 'ya'ya ƙanana ita take fara dubawa. In ba rajista, dokar amanar filaye ta 1996 ke aiki, abin da takarda ta nuna shi ke da ƙarfi. Wannan ya shafi mutanenmu sosai. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ɗaurin auren Musulunci da aka yi a Ingila ba tare da cika ƙa'idojin doka ba, ba ya ba mace damar neman rabon dukiya irin na saki. Auren da aka ɗaura a Kano ko Damagaram bisa dokar can, hukuncinsa daban ne, galibi ana amincewa da shi.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne bashin kansa. Banki bai san rabi-da-rabi ba, kowannensu na ɗauke da 170,000 ɗin gaba ɗaya. Wanda ya kwashe kayansa ya bar gidan yana nan cikin bashi. In wanda ya zauna ya tsallake biya, tabon zai shiga tarihin bashin su biyun, ya yi shekara 6 a ciki.

Mai fassara: To Barista, transfer of equity fa, wato ɗaya ya bar wa ɗayan kasonsa na gidan? "Miƙa rara"?

Barista: A'a, Malam. Mallaka ake miƙawa, rara ma'aunin farashi ce kawai. Ka rubuta "sakin kaso". Matakan kuwa: a yi wa gidan kima, a karɓo takardar ragowar bashi daga banki, banki ya amince ya cire suna ɗaya, a sa hannu a fom ɗin miƙa mallakar gida, wato TR1, a kai ofishin rajistar filaye. Masu aure su sa kotu ta hatimce yarjejeniyar, in ba haka ba wani na iya dawowa da ƙara bayan shekaru. In gidan na irin mallakar da kason mamaci ke komawa ga mai rai ne, saki kaɗai ba ya warware ta, sai an aika sanarwar raba mallaka a rubuce.

Ma'aikaciyar banki: A matakin amincewar banki ne abin ke yawan cijewa. In rabi-da-rabi aka raba rarar, mai son riƙe gidan zai biya ɗayan 40,000, ya kuma ɗauki 170,000, wato 210,000 a kan albashi guda. Bankuna galibi suna tsayawa ne a ninki 4 zuwa 4.5 na kuɗin shigar shekara, ke nan sai mai samun kusan fam 47,000 zuwa sama a shekara. In bai kai ba, sai dai sayarwa, ko kotu ta ɗage sayarwar har 'ya'ya su girma. In za a sayar, a cire la'adar dillali da kuɗin lauya da tarar biyan bashi kafin wa'adi, wadda kan kai kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari, kafin a ce ga abin da za a raba.

Malamin Hausa: Na sauka daga "fansasshen kaso", tunda giɓi ba shi da gurbi a cikinsa. Roƙona ɗaya: a farkon ambato a rubuta "rarar gida, wato kimar gida bayan an cire bashin banki", daga nan a ci gaba da "rara" kawai. Abin da ya rage bayan an cire kuɗaɗen sayarwa kuma a kira shi "tsabar rara".

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Haka zan rubuta, "sakin kaso" kuma zan haɗa shi da gargaɗin cewa ba ya cika sai banki ya cire sunan daga lamunin.