Ziyarar gonar inabi ta iyali a Faransa

Matafiyi: Salamu alaikum. Don Allah yaushe ya fi dacewa a je? Kuma wanda ba ya shan giya zai iya zuwa?

Jagora: Wa alaikumus salam. Girbi yakan kama a Satumba, lokacin ake ganin matsar inabi, sai dai masu gonar ba su da sukuni. Kira su tun da wuri, kada ka faɗo musu kwatsam.

Hajiya: Zai iya mana. Ka sanar da su, wasu sukan ba da ruwan inabin da bai tsima ba. Riƙe rigar sanyi, ɗakin ganguna na ƙarƙashin ƙasa yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14.

Jagora: Kuma malam, kada ka zura kai cikin tankin da ke tsima. Iskar kabon da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum.