Waƙar "Oh Happy Day": gyara aka yi mata ko sata?

Dattijo Ayuba: Salama gare ku. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A takardun shirin bikin waƙa sai a rubuta "Oh Happy Day, waƙar Edwin Hawkins", matasanmu kuma sun haddace haka. Mai waƙar Philip Doddridge ne, fasto a Northampton ta Ingila, wanda ya rasu a Lisbon a 1751, aka buga waƙoƙinsa a 1755. Baiti biyar ya rubuta, ya ɗora su kan 2 Tarihi 15:15, inda mutanen Yahuza suka yi murna da rantsuwar da suka yi wa Ubangiji a zamanin sarki Asa. Waƙar alkawari ce, shi ya sa ake rera ta ranar baftisma. Hawkins, mawaƙin bishara ɗan Amurka, ya zubar da baitocin duka, ya riƙe amshi. An sace waƙa, an kuma yar da cikinta. Roƙona a koma koya wa yara baitocin.

Saratu: Baba, da girmamawa, "sace" ta yi nauyi. Tsakanin 1755 da 1967, shekarar aikin Hawkins, shekara 212 ne. Waƙa mai wannan shekaru ta zama ta kowa a doka, babu mai haƙƙin mallakarta. Abin da aka san Hawkins da shi tsara kiɗa ne, kuma tsarin nasa ne.

Dattijo Ayuba: 'Yata, ba maganar kotu nake yi ba. Ɗaukar abin wani a bar duniya ta ɗauka naka ne, me ake kiransa?

Istifanus: To Baba, in haka ne ɓarawon farko ba Hawkins ba ne. Amshin da kuke cewa ya riƙe, Doddridge bai taɓa jin sa ba. Abin da ya rubuta layi huɗu ne a kowane baiti, gaɓa takwas a kowane layi, babu amshi, ana ɗora shi kan duk karin da ya dace da wannan awo. Amshin da karin da muka sani a wajajen 1854 suka bayyana, ana danganta su da Edward Rimbault, mai kaɗa ogan (organ) na majami'a a Landan, wanda aka haifa a 1816, shekara 65 bayan rasuwar Doddridge. Wato abin da Hawkins ya ɗauka ma ba na Doddridge ba ne.

Dauda: Ƙari daban, ragi daban. Rimbault ya ƙara, Hawkins ya yanke. Wanda ya ƙara wa gida ɗaki ba a kiransa ɓarawo.

Saratu: Ai shi ma wanda ya yanke ba ɓarawo ba ne. Baitocin suna nan a littattafan waƙoƙi, babu wanda ya yage shafin.

Mama Rifkatu: Ni sata ce a wurina, amma daga ikilisiya aka sace ta aka kai kasuwa. A majami'ar Ephesian Church of God in Christ da ke Berkeley ta Amurka aka ɗauki sautinta, don matasa su sayar da faifai su sami kuɗin zuwa taro. Da ta shiga gidan rediyon kiɗan zamani a San Francisco a 1969, sai ga ta ana rawa da ita a wuraren da ba na ibada ba. Shugabannin ikilisiyar Hawkins ma ba su ji daɗi ba a lokacin. Sunan ƙungiyar ya tashi daga Northern California State Youth Choir ya koma Edwin Hawkins Singers. Sunan matasan ikilisiya ya fita, na mutum ɗaya ya shiga.

Istifanus: Mama, faifai 500 kacal suka buga, da na'urar ɗaukar sauti mai layi biyu. Mai neman kasuwa ba ya yin haka. Ku saurari faifan da kyau, za ku ji amsa-kuwwar ɗakin majami'ar, fiyano da ganga da tafi duk a cakuɗe, domin layi biyu ba ya ba da damar a raba murya da kiɗa a gyara daga baya.

Dauda: A 1968 aka ɗauka, ba 1967 ba kamar yadda Saratu ta ce.

Saratu: Ban ce ɗauka ba, yayana. Tsarawa 1967, babban faifan mai suna "Let Us Go Into the House of the Lord" 1968, fitowar waƙar ita kaɗai 1969. A shekarar ta kai ta 4 a jerin fitattun waƙoƙi na Billboard na Amurka, ta 2 a Birtaniya, ta ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 1970. Kuma tunda ana maganar tauye haƙƙi, me ya sa ba a ambaton Dorothy Combs Morrison? Muryarta ce ke jan waƙar, mutane da yawa ba su san sunanta ba.

Mama Rifkatu: Wannan kam gaskiya ne, mace ta yi aiki an manta da ita.

Istifanus: Bari in nuna aikin da mutumin ya yi, sai ku faɗa mini ko sata ce. Tsohon karin bugu uku ne: ɗaya, biyu, uku. Hawkins ya mayar da shi bugu huɗu, tafi yana sauka kan na biyu da na huɗu. A farko hannun mai fiyano yana kai da komo tsakanin kod (haɗin sauti) na 1 da na 4, sai ya hau na 6 babba, sai na 2 da na 5 su yi ta juyawa a inda ake maimaita wanke zunubai, kafin a dawo gida. Mai ja tana faɗa ƙasa-ƙasa, ƙungiya tana amsawa a hankali, ba a buɗe makogwaro sai an zo sashen koyon tsaro da addu'a. Inda kwayoyinmu ke ɓata ta wuri uku ne. Jama'a su tafa kan bugu na ɗaya da na uku, waƙar ta koma tamkar faretin soja. Mai ganga ya ƙara gudu a kowane zagaye har mai ja ta rasa inda za ta numfasa. Sannan a fara da ƙarfi tun layin farko, in an zo tsakiya babu sauran murya da za a ɗaga.

Dauda: Ka tsallake babban abu. Tsohon amshi tsaro da addu'a ya ce, kamar Matiyu 26:41. Hawkins ya cusa "yaƙi" a tsakaninsu. Wa ya ba shi izinin ƙara wa maganar Ubangiji?

Saratu: Ɗazu ka ce ƙari ba laifi ba ne. Kuma 1 Timoti 6:12 yaƙin bangaskiya ya ce a yi.

Dauda: Ƙara amshi daban, taɓa aya daban.

Mama Rifkatu: Ku 'yan kwaya duk abin da ke da ganga sai kun kare shi.

Istifanus: Mama, zumuntar mata ma da tulu da kacau-kacau suke yabo. Zabura 150 ba ta ware kowa ba.

Mama Rifkatu: Kada ka haɗa zumuntar mata da wannan, ɗana. Mu ba mu taɓa yanke baiti don a samu wurin rawa ba.

Malam Bitrus, shugaban mawaƙa: Dare ya yi, bari in tattara. An yarda Doddridge ya rubuta baitoci, Rimbault ya sa kari da amshi, Hawkins ya raya waƙar ya kai ta kunnen waɗanda ba sa taka ƙofar majami'a. An tabbatar babu sata. Abin da ya rage kwayoyi su gyara tafi, su lura da gudun ganga, kamar yadda Istifanus ya yi bayani mai kyau.

Mama Rifkatu: Malam, wa ya tabbatar? Ni da Dauda ba mu yarda ba, kuma maganar sauya sunan ƙungiya ba ka ko taɓa ta ba.

Dattijo Ayuba: "Raya" ma ban karɓa ba, domin waƙar ba ta mutu ba kafin 1967. Kuma duk cikinku babu wanda ya amsa abin da na roƙa. Baiti biyar ne, layi ashirin. Wa zai koya wa yara kafin baftisma mai zuwa?