Kowa ya ci ladan kuturu: wa ke bin wa bashin aski?

Mai Shadda, Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau ita ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Ma'anarta a fili take: in ka karɓi kuɗin aiki sai ka yi aikin, ko ranka na so ko ba ya so. Amma kwanan nan ina jin ana ja da ita gefe biyu a maganar haraji. Mu 'yan kasuwa muna cewa gwamnati ta ci ladanmu, don haka ta gyara titi da magudanar ruwa, ta tanadi motar kashe gobara. Wannan babu musu. Wasu kuma suna juya ta su ce, to wanda bai ba da lada ba fa? Mabaraci, da tsohon da ya daina fita, da matar da ke zaune a ɗaki, da wane baki za su nemi aski? Ba zan ɓoye muku ba, ina biyan kuɗin shago da na shara da na kaya, kuma in na ji an ce za a raba tallafi raina yakan sosu, in ga kamar guminmu ake raba wa waɗanda ba su tsinana komai ba. Manya ku warware mana, karin maganar ta ɗauki wannan fassarar ta biyu?

Baba Marini, Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam ɗana. Duba wanda aka ɗora wa "dole" ɗin. Wanzami ne. Babu wanda ya tilasta masa miƙa hannu ya karɓi kuɗi, da ya ga dama tun farko sai ya ce yau ba ya aiki. Tunda ya karɓa ya jefa a zabira, ƙyama ba ta zama uzuri ba, haka ma tsoron kada sauran masu zuwa aski su gudu. Magabata sun zaɓi kuturu ne da gangan, domin a zamaninsu shi ne mutumin da aka fi gudu. Suna nufin ko wanda ka fi rainawa, in ka ci nasa, yana binka. Magana ce da aka yi don kare mai rauni, ban san yadda aka yi ta koma sandar dukansa ba.

Haraji kuwa ba baƙo ba ne a garin nan. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 ana biyan kuɗin ƙasa, mu marina kuma kakanninmu suna biyan kuɗin karofi, kowace rijiyar baba da nata. Bajamushen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana karɓa. Ni kuma na riski zamanin harajin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da idona. Mai unguwa zai bi gida-gida yana ƙirga mazan da suka balaga. Mahaifina yakan naɗe rasit ɗinsa ya cusa cikin 'yar jakar fata kamar laya, ya rataya a wuya in zai yi tafiya, don ɗan doka na iya tare shi a hanya ya ce ya nuna. Wanda ya kasa biya akan shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci. Wannan wulaƙanci na cikin abin da su Malam Aminu Kano suka yaƙa tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950, har Allah ya sa Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau gwamna a 1979.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, lokacin karɓa ban taɓa jin an tambayi mutum ko yana da amfani ga al'umma ba. Kai kawai ake ƙirgawa. Sai an zo bayarwa ake fara tambayar wa ya cancanta.

Ɗan Albashi:
Allah ya ƙara girma Baba, amma ina da ja. Karin maganar nan ta ciniki ce, akwai mai biya akwai mai karɓa. In babu lada babu "dole". Ni malamin makaranta ne, ana cire harajina tun kafin albashi ya shigo hannuna, ban da hanyar kaucewa. Ga shi sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe wa duk wanda samunsa bai wuce naira 800,000 ba a shekara. Ban ƙi ba, amma hakan na nufin 'yan kaɗan ne ke ɗauke da kayan. Ku zagaya unguwanni da hantsi ku ga majiya ƙarfi a majalisa suna zaman kashe wando. Waɗannan ma sai a ce muna da bashinsu?

Ɗan Sahu:
Malam, da girmamawa, wa ya ce maka wanda ba shi da albashi ba ya biya? Tun 2020 harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Katin waya da za ka saka, taya da baƙin mai da nake saya, duk yana ciki. Yaron majalisar da kake magana, in ya sayi data ya biya. Mu kuma masu tuƙa A Daidaita Sahu, ka tuna yajin aikin da muka yi a 2021 kan harajin naira 100 ta kullum, ranar da garin nan ya koma tafiyar ƙasa, ɗalibai da ma'aikata da masu zuwa asibiti duk a ƙafa. Ranar ce mutane suka san ko muna da amfani. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma mu muka fara ji a jika. Bambancinmu da kai ɗaya ne, naka a rubuce yake, namu ana tsinka ne kaɗan-kaɗan daga safe zuwa dare.

Maman Ummi, Gwammaja:
Alhaji Mai Shadda, kalmar "zaune a ɗaki" ce ta sa na kasa yin shiru. Bari in faɗa maka zaman. Kafin kiran assalatu na hura wuta. In sallami yara zuwa makaranta, in wanke surukata wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, in juya ta kada gadon bayanta ya yi gyambo, in dama mata kunu in ba ta a baki cokali-cokali. Sai hantsi ya ɗaga nake ɗaukar hula. Hular zanna guda ɗaya takan cinye min makonni, ido na kan zare har sai ya fara ruwa, ɗan yatsana ya yi kanta saboda allura. Dillaliya ta zo ta karɓa a kuɗin da ba zan iya faɗa ba don kunya, a kai Kurmi a wanke a buga, a sayar da ita ninkin-ba-ninkin. Harajin da mai rumfar ke biya yana taƙama da shi, daga ina ribar ta fito in ba daga allurata ba?

Jinyar da nake yi kuma, da gwamnati ce za ta ɗauki ma'aikaciya ta yi, nawa za ta biya a wata? Amma duk ranar da masu cike takarda suka shigo gidan nan suka tambayi sana'ata, kafin in buɗe baki wani zai amsa daga zaure ya ce ba ta aikin komai. Ku tambayi masu ƙuli-ƙuli da awara da dambu na cikin lungunan Dala da Fagge, rabin abin da ake ci a bakin titi daga hannun matan da ba a gani yake fitowa. An ci ladanmu tuni, Alhaji. Askin ne ba mu gani ba.

Mai Shadda, Kwari:
Hajiya, Allah ya ba da ladan jinya, maganarki ta shiga. To amma saura mutum ɗaya: wanda da gaske bai taɓa samar da komai ba kuma ba zai iya ba. A nan ne nake ganin karin maganar ta tsaya.

Almajirin Madabo:
Gaskiyarka Alhaji, a nan ta tsaya, kuma bai kamata mu ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Karin magana ba nassi ba ce. Tana magana ne kan haƙƙin wanda ya biya, ba ta ce komai ba kan wanda ba shi da abin biya. Kuskuren masu fassara ta biyu shi ne sun ɗauki shirunta a matsayin hukunci. Wanda ba shi da lada ƙofarsa daban ce, kuma ta fi ta ciniki ƙarfi. A Suratul Ma'arij Allah ya yabi waɗanda a cikin dukiyarsu akwai haƙƙi sananne ga mai roƙo da wanda aka hana. Haƙƙi aka ce, ba alfarma ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta jera mutum takwas da ake ba zakka, ta fara da faƙirai da miskinai, ba ta gindaya sharaɗin sai sun taɓa biyan wani abu ba.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya tambaye shi dalili, ya ce tsufa da buƙata da jiziya. Sai Umar ya kama hannunsa, ya sa a yanka masa abin masarufi daga baitulmali, ya ɗauke jiziya daga kansa da ire-irensa, yana mai cewa ba a yi masa adalci ba in an ci ƙuruciyarsa aka yar da shi a tsufansa. Kuma da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ga kamar yana da fifiko kan na ƙasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa albarkacin masu rauni ake ba mu nasara da arziki. Wannan yana cikin Bukhari.

Malam Ɗan Albashi ma yana da hujja, kada a ce an bar shi. A Bukharin dai aka ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa ya roƙi mutane. Majiyin ƙarfi da aka ba aiki ya ƙi, hukuncinsa daban da wanda ya nema ya rasa, kuma daga nesa ba ka iya bambance su. Sannan a kiyaye, haraji ba ya sauke zakka. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa, alhali zakka rukuni ce. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Da masu dukiyar Kwari da Singa da Dawanau suna fitar da ɗaya bisa arba'in ɗin nan yadda ya kamata, da rabin gardamar nan ba ta taso ba.

Jikar Malam:
Iyayena, ku ba ni dama. Kakana ya yi wannan cuta ta kuturta, a asibitin Yadakunya aka yi masa magani. Ya warke amma yatsunsa sun riga sun tafi. Da dungulmin hannun nan yake ɗaura fartanya da tsumma ya yi noma, ya ciyar da 'ya'ya, har ya aurar da su. Aski kuwa babana ne ke yi masa a tsakar gida duk Juma'a, domin wanzamai ba sa zuwa ko da kuɗinsa. Shi ya sa in na ji karin maganar nan nake lura da abin da ake tsallakewa: kuturun cikinta ba bara ya zo yi ba, kuɗinsa ya kawo. Hausawa ma sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Mu ne muka saba da ganin nakasa mu yanke cewa mutum ba ya samarwa.

Don Allah a sani, cutar tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kyauta ake bayarwa, kuma in an fara da wuri ba ta cin gaɓa. Akwai kuma dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Malam Ɗan Albashi, a ma'aikatarku mutum nawa ka gani?

Ɗan Albashi:
Ƙanwata, ban ga ko ɗaya ba, kuma wannan abin takaici ne. Ni ban ƙi a taimaki tsoho da mara lafiya da kuɗina ba. Abin da ke ci min rai shi ne sunayen masu karɓar tallafi a hannun 'yan siyasa suke, mai ƙafa ya karɓa, gurgu na gida. A liƙa sunayen a ƙofar gidan mai unguwa kowa ya gani, a faɗi abin da aka tara da inda aka kashe. Har yanzu dai ina kan bakana game da majiya ƙarfi.

Baba Marini, Ƙofar Mata:
Wannan buƙata taka daidai ce. Amma ɗana Mai Shadda, tun ɗazu kowa na nuna gwamnati a matsayin wanzami. 'Yan dakon da suka yi shekara talatin suna sauke muku diloli daga mota zuwa bene, yau gwiwa ta ƙi, baya ya ranƙwafa, suna zaune bakin masallacin layi suna jiran a miƙo. Ƙarfin nan nasu, cikin aljihun wa ya shiga?

Mai Shadda, Kwari:
Namu ne Baba. Matsalar ita ce ɗan dako ba yaron shagon kowa ba ne, duk ɗauka ake biyansa a rabu, shi ya sa in ya tsufa kowa ke ganin ba nauyinsa ba ne. Akwai biyu a layinmu da na sani tun ina yaron shago. Allah gafarta Malam, ya halatta in ba su daga zakkata, tunda sun yi min aiki a baya?

Almajirin Madabo:
Ya halatta Alhaji, matuƙar mabuƙata ne kuma ba sa cikin waɗanda ciyar da su ya wajaba a kanka. Sharaɗi shi ne kada ka lissafa ta a madadin wani haƙƙin aiki da suke binka, in akwai wannan ka fara biyansa daga aljihunka. A mazhabarmu ta Malikiyya ana iya ba mutum ɗaya abin da zai ishe shi shekara, don haka ba sai ka yayyanka ta ɗari biyar-biyar a ƙofar shago ba. Ka yi magana da maƙwabtanka na layi, kowa ya ɗauki mutum ɗaya, a kai masa har gida.